Yaya ake koya wa ɗan wasa ya ci gaba da wasa alhali yana waƙa?

Ɗan Daɓe ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyarmu ta matasa a nan cikin birnin Kano tana shirya wasan daɓe mai waƙoƙi, na kamar awa ɗaya. Labarin wani ɗan marini ne da yake son ya bar sana'ar gidansu a Ƙofar Mata ya tafi Legas, mahaifinsa kuma ya ce bai yarda ba. Waƙoƙi 6 muka rubuta. Muna da masu murya, muna da masu iya wasa. Matsalar ita ce da zarar an saki kiɗa, sai yaro ya daina zama ɗan marini ya koma mawaƙi, yana lumshe ido yana yarfa hannu. Waƙa na ƙarewa sai ya dawo cikin labari kamar wanda aka aika shago ya dawo. Ta ina ake fara gyara wannan? Sannan mu naɗi waƙoƙin a situdiyo a yi mamin, wato a saki waƙar su riƙa motsa baki kawai, ko su rera da bakinsu a gaban jama'a?

Tsohon Darakta ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba laifin yaranka ba ne, abin da ido ya saba gani suke yi. Tun zamanin da sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba suke haska fina-finan Indiya, har zuwa fina-finanmu na bidiyo da suka fara a 1990, waƙa hutu ce: labari ya dakata, a canza kaya, a je lambu a yi rawa, a dawo. A fim wannan yana tafiya, domin kyamara tana ta sauya wa ido abin kallo. A daɓe babu wannan. Mai kallo yana zaune gabanka, in labari ya tsaya na minti uku sai ya ciro wayarsa.

Kafin ka taɓa 'yan wasa, fara gwada waƙoƙin kansu. Ka cire waƙa ɗaya daga wasan, ka karanta fitowar da take gabanta da wadda take bayanta. Idan labarin ya haɗe ba tare da giɓi ba, waƙar nan ado ce kawai, kuma babu ɗan wasan da zai iya yin wasa a cikinta, don babu abin da yake faruwa. Waƙar daɓe dole wani abu ya canza tsakanin farkonta da ƙarshenta: an yanke shawara, an tona asiri, an yi alkawari, an raba gari. A cikin shidan nan naku ba zan yi mamaki ba idan biyu suka faɗi wannan jarrabawa. Ku sake rubuta su ko ku yar.

Waɗanda suka tsallake, ga yadda ake bi da su. Mako na farko babu kiɗa sam. Ɗan wasa ya kwafe baitukan a takarda kamar wasiƙa, ba a jere ɗango-ɗango ba, ya sa waƙafi da aya inda ma'ana ta nema. Sai ya faɗe su da magana zalla ga wanda yake tsaye a gabansa, ido cikin ido. Nan take za ka gane wanda bai san abin da yake rerawa ba, domin zai riƙa tsayawa a ƙarshen kowane ɗango ko da jimla ba ta ƙare ba.

Sannan ya amsa tambayoyi huɗu, a rubuce: da wa nake magana, me nake so daga gare shi, me ya tare mini hanya, me ya faru daf da zan buɗe baki. Wannan hanya ta samo asali daga koyarwar Sitanislabiski, daraktan wasan kwaikwayo ɗan Rasha da ya rasu a 1938, kuma har yau da ita ake koyar da wasa a makarantu. Tambaya ta biyu ita ce mai wuya. Yaro zai ce maka "ina baƙin ciki." Kada ka karɓa. Baƙin ciki ba abin yi ba ne, wanda ya ce zai nuna shi sai dai ya yamutsa fuska ya dafe ƙirji. Amsar da ake nema ita ce "ina so Baba ya sa mini albarka kafin in tafi." Wannan kam aiki ne, ana iya yin sa da murya da jiki, kuma ana iya cin nasara ko a faɗi.

Daga nan kowane baiti a ba shi aikinsa da kalma ɗaya a gefen takarda. Mu ce waƙar ɗan marini baiti uku ce, amshinta kuma "Baba ka bar ni in je, hannuna ya gaji da baba." Baiti na farko lallashi. Na biyu, da ya ga tsohon ko ɗago kai bai yi ba, sai ya koma zargi. Na uku bankwana. To amshin nan sau uku zai fito, kalmomi ba su canza ba, amma dalilin faɗarsa ya canza. Na farko roƙo ne, a durƙushe. Na biyu yana nuna wa uban tafin hannunsa da ya rine, kamar mai kafa shaida a gaban alƙali. Na uku yana kallon hannun shi kaɗai, ya gane shuɗin nan na gidansu ne kuma zai bi shi har Legas. Wanda ya rera amshi sau uku iri ɗaya, sau ɗaya ya rera, sauran biyun cika lokaci ne.

Sai a mako na biyu kiɗa zai shigo, shi ma a hankali. Mai fiyano ya riƙa kaɗawa ƙasa-ƙasa, ɗan wasa yana faɗar baitukan da magana a kai. Bayan kwana biyu ya fara bin bugun kiɗa amma har yanzu magana ce. Sannan ya rera. Duk ranar da ka ga mawaƙin nan ya dawo, ka tsayar da kiɗa, ka mayar da shi magana.

Batun hannu kuwa, maganinsa aiki. Hannun da ba shi da abin yi shi ne yake yarfa kansa. Ba shi tufa ya matse, ba shi sandar motsa baba, ba shi jaka ya riƙa cusa kaya. Sai kuma ka zaɓi wuri ɗaya tak a waƙar da zai ajiye komai ya tsaya cak. Tsayuwar nan ta fi rawa goma ƙarfi idan ta faɗo a kan ɗangon da ya dace. Lumshe ido kuma a hana shi gaba ɗaya a wajen gwaji, domin rufe ƙofa ne a fuskar mai kallo. In akwai wanda ake yi wa waƙar a kan daɓe, a kalle shi. In shi kaɗai ne, ya zaɓi wuri ɗaya a saman kan sahun ƙarshe, ya ajiye mutumin a can, kada ya riƙa yawo da shi.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko, wanda ake yi wa waƙa shi ma wasa yake yi. In uban ya tsaya kamar turke yana jiran layinsa, ɗan ba shi da dalilin tashi daga lallashi zuwa zargi. Dole tsohon ya yi abin da zai tunzura shi, ko da juya baya ne ya ci gaba da aikinsa. Na biyu, kiɗan da yake tsakanin baiti da baiti ba hutun rabin lokaci ba ne. A nan ne tunanin baiti na gaba yake zuwa wa mutum, ya kamata a ga zuwansa a fuska kafin a ji shi a baki.

Malamar Adabi ta amsa:

Malam ya gama magana kan wasa, sai dai ban yarda a ɗora komai kan fim ba, kamar Bahaushe bai taɓa sanin wasa cikin waƙa ba. Tashe fa? Daga goma ga watan azumi yara suke fitowa, ɗaya ya zama tsoho, ɗaya ya zama mai magani, suna kwaikwayo suna waƙa a lokaci guda, kuma ba wanda ya taɓa ganin ɗan tashe ya ajiye gemunsa na auduga don zai rera amshi. Tatsuniya ma haka. Ku lura da inda waƙa take shigowa a cikinta: sai an kai inda yarinya ba za ta iya faɗar abu da baki ba, sai ta rera shi, kuma sau da yawa waƙar ce take tona asiri har labari ya juya. A Kudu ma, tun shekarun 1940 Hubert Ogunde yake yawo da wasannin Yarabanci da ake ba da labari da waƙa da ganga. Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka tura yaranka kallon wasannin Amurka a YouTube, ka sa su tuna tashen da suka yi suna ƙanana.

Abin da zan ƙara na harshe ne, kuma nan ne waƙoƙin daɓe da yawa suke mutuwa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Misalin da Malam ya kawo ma ya isa: Baba mahaifi da baba na rini ba sautinsu ɗaya ba, na farko yana farawa ƙasa ya hau, na biyu a sama yake tafiya. Haka wuya ta wahala da wuya na jiki, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. In mai fiyano ya fara tsara karinsa sannan aka zo ana cusa kalmomi a ciki, sai ka ji an juya kalma ta koma wata. A waƙar rediyo ana yafewa, don za a sake ji gobe. A daɓe sau ɗaya mai kallo zai ji, in ya rasa ɗango ya rasa labari. Hanyar da ta fi ita ce a faɗi ɗangon da ƙarfi sau biyar, a saurari hawa da saukarsa, a gina kari a kan wannan.

Tsawon wasali ma haka. Gari da ake zaune a ciki da gari na tuwo, jan wasalin farko ne ya raba su. Kada a ja gaɓa marar nauyi don kiɗa ya nemi a ja. In ana son jan murya, a kai shi gaɓar ƙarshen ɗango, a nan yawancin sunayen abubuwa a Hausa dama da dogon wasali suke ƙarewa.

Sai tarkon amsa-amo. Marubuci ya ɗauko "ya" ko "na" ya ce dole kowane ɗango ya ƙare da shi, sai ya fara jawo kalmomin da ɗan marini ba zai taɓa faɗa ba har ya mutu. Ni gara amsa-amo ya yi rauni da a sa wa yaron Ƙofar Mata Larabcin wa'azi a baki. Kowa ya yi waƙa da irin maganarsa. Uban gajerun ɗangogi, da karin magana, ba ya gaggawa. Ɗan kuwa dogaye, masu sauri, kamar mai tsoron a katse shi. In aka rufe sunaye aka karanta baitukan, ya kamata a gane na wane ne.

'Yan amshi kuma kada ku jera su a baya kamar a gidan biki. A waƙar baka akwai jagora da 'yan amshi, kuma wannan tsari kyauta ce ga mai wasan daɓe. Ku mayar da su sauran marina a bakin karofi, wato ramin rini. Amshinsu ya zama ra'ayin gari: da farko suna bayan uba, suna mayar wa yaron maganarsa da gatse, a baiti na ƙarshe rabinsu su koma bayansa. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ba, amma an ba da labari.

Ɗan Daɓe ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri Malam, Malama na gode ƙwarai. Saura batun mamin. Sannan wanda yake fitowa a ɗan marinin waƙa huɗu ne a kansa, kafin ya kai ta uku murya ta dushe.

Mai Horon Murya ya amsa:

Dushewa a waƙa ta uku kusan kullum dalili uku ne: waƙar ta yi masa sama, ko da maƙogwaro yake turawa, ko yana gasa da kiɗa.

Fara da na farko don shi ne mafi sauƙi. Ku nemo wuri mafi tsayi a kowace waƙa, ya rera shi a hankali ba da ƙarfi ba. In sai ya ɗaga haɓa jijiyoyin wuya sun fito kafin ya kai, a sauke waƙar. Kowace fiyano ta Yamaha irin ta situdiyo tana da maɓallin sauke ko ɗaga kiɗa, a rage mataki biyu a sake gwadawa. Ba abin kunya ba ne. Kuma a gwada bayan ya yi fitowar da take gaban waƙar, yana haki, ba yana zaune a huce ba.

Numfashi kuwa, ya kwanta rigingine ya ɗora littafi a cibiya. In ya ja iska littafin ne zai tashi, ba kafaɗa ba. In ya kama wannan sai ya miƙe tsaye, ya ja iska a ƙirga huɗu, ya sake ta da sautin "sss" a ƙirga 12. Bayan mako ya kai 16, sannan 20. Minti biyar kullum ya isa. A takardar waƙa ya sa alama duk inda zai numfasa, kuma alamar ta faɗo inda tunani ya ƙare. Wanda ya numfasa a tsakiyar "ka bar ni in je" ya karya roƙonsa biyu.

Kada a fara gwaji ba a ɗumama murya ba. Minti 10 zuwa 15: guɗa baki a rufe da "mmm" daga ƙasa zuwa sama, karkaɗa leɓe, sannan karin maganar nan masu karya harshe don ƙ da ɗ da ɓ da ts su fito tas. Baƙaƙen nan su ne suke fara ɓacewa idan mutum ya shagala da daɗin muryarsa.

A Kano babban abokin gabar murya hunturu ne, ga ƙura ga bushewa. Ya riƙa kurɓar ruwa tun safe, ba ya ɗirka kofi uku daf da hawa daɓe ba. Shayi da zuma suna sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye ba ya bi ta kan tantanin murya, ta wata hanya yake wucewa. Tururin ruwan zafi zalla da aka shaƙa shi ne yake kaiwa can. Ya daina yawan gyaran murya da kakari, kuma ranar da ta dushe ya yi shiru, kada ya koma raɗa, don raɗa ma wahalar da ita take yi. In dushewa ta wuce mako biyu zuwa uku, magana ta bar hannun darakta ta koma ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Darakta kuma ya duba jerin waƙoƙin. Kada a ɗora masa biyu a jere babu wata fitowa a tsakani, kada a sa fitowar ihu da faɗa daf da waƙarsa mafi wuya.

Mai Kalangu ya amsa:

Mamin a daɓe, ni dai ban ba da shawara ba. Duk aikin da Malam ya lissafa ya tashi a banza, domin muryar da aka naɗa wata biyu baya ba ta san uban ya juya baya yau ba. Ga kuma bambancin sauti: ana magana da murya ta gaske, sai kwatsam wata mai amon situdiyo ta fito daga lasifika, kowa ya san an bar labari.

In babu halin makaɗa, ku naɗi kiɗa zalla su rera a kai. Aibinsa ɗaya, ba ya jira. In jama'a suka yi tafi ko dariya, ko yaro ya makara da daƙiƙa biyu, kiɗa ya wuce. Don haka a sa alama bayyananniya kafin shigar murya, kamar bugu huɗu na ganga, kuma mai sakin kiɗa ya zauna a gwaji na mako biyun ƙarshe da takardar wasa a hannunsa, ya san kalmar da zai danna a kanta. A ajiye kiɗan a na'ura biyu. In waya ce a cire layi, kar kira ya shigo ana tsakiyar bankwana. Janareto a tayar da shi tun kafin a fara, a kai shi nesa.

Mai fiyano ɗaya da makaɗi ɗaya a wurin sun fi wannan duka. Za su iya maimaita shimfiɗar waƙa ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin magana har sai ɗan wasa ya shirya, ta yadda ba za a ji inda magana ta ƙare waƙa ta fara ba. Ka sa kiɗan ya shigo jimla uku ko huɗu kafin ɗangon farko, ɗan wasa kuma ya riƙa ɗaga maganarsa zuwa matakin da zai fara rerawa.

Kalangu yana da kaifi, yana danne murya. Ku bar shi ga waƙar taron marina, ko ya riƙa amsa wa uba a tsakanin ɗangogi, tunda in an matse tsirkiya yana bin hawa da saukar magana. Waƙar mutum ɗaya gurmi ko kuntigi ko sarewa sun fi dacewa. Kuma tunda labarin rini ne, kuna da kiɗa a kyauta: mabuga. Mutum biyu suna bugun shadda a kan gungume, ɗaya ya sauke ɗaya ya ɗaga, bugu ne da duk Bakano ya sani. Ku buɗe wasan da shi.

Makaɗa su zauna kusa da daɓe, a gefe, inda suke ganin fuskar mai waƙa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, in kuka kai su ƙarshen fili mita 30 da wani abu, bugu zai riƙa iso wa ɗan wasa a makare, su yi ta jan juna. Lasifika kuma ta kasance gaba da makirufo tana fuskantar jama'a, in ta koma bayansa sai kuwwa. Makirufon hannu yana kashe wasa, don ya cinye hannu ɗaya ya rufe baki. Ku yi hayar na maƙalawa ko da guda uku ne, da sabon batir ranar wasa, a riƙa musanya su a bayan labule.

Tsohon Darakta ya ƙara:

Malama ta yi gaskiya kan tashe, na karɓi gyara. Ƙanena, kafin ku buga takardar gayyata ku leƙa Hukumar Tace Fina-finai ta Jiha ku ji abin da ake bukata ga wasan da za a nuna wa jama'a. In akwai waƙar saurayi da budurwa a ciki, ku tsara ta da tazara tun daga gwajin farko: ita a wannan gefe, shi a wancan, tabarma ko bakin karofi a tsakaninsu, kowane baiti a rage taku ɗaya, a tsaya saura taku biyu. Ku ba kanku mako shida zuwa takwas, gwaji uku a mako, biyun ƙarshe a wurin da za a yi wasan, da kaya da makirufo da komai, ba tsayawa ko an yi kuskure.